Tsakanin “Albarka” da “Na Sallama”

Falken Dawanau

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun watan Fabrairun 2024 da Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano ta garƙame sito goma a yankin kasuwar Dawanau bisa zargin ɓoye abinci, maganar nan take cina. Nawa siton ba ya cikinsu, amma ko a masallacin unguwa kallon maciji ake yi wa duk mai harkar hatsi. Yau na zuba abin a baiti, amsa-amo “wa”. Mai amsa ya amsa da waƙa.

Da sunan Allah Mai arziki,
Da ya ba bawa ƙarfin aiki,
Ya halatta mana yin ciniki,
Ya tsare mu ga cin haram a ciki,
Ya haramta cin kuɗin ruwa.

A Madina tsada ta taso,
Sahabbai gun Manzo suka iso,
“Yanka farashi, shi muke so,”
Ya ce, “Allah ke yin yadda ya so,
Shi ke ƙuntatawa da yalwatawa.”

Anas ne ya ruwaito zance,
Manzo ya ƙi, ga abin da ya ce,
Ya so ya sadu da Rabbu a kuɓuce,
Ba wani mai cewa an cuce
Shi a dukiya ko a rayuwa.

Ɗan Aufu ya zo Madina ba kaya,
Sa'adu ya so ya raba masa dukiya,
Ya yi masa addu'a da godiya,
Ya ce da shi, “Ɗan uwa, tsaya,
Kai dai ka nuna min kasuwa.”

Da kaka na sayi gero da kuɗina,
Na biya dako da hayar sitona,
Ƙwaro ya ci, asarar a kaina,
In ya yi tsada a ce laifina,
To in ya faɗi, wa ke ramawa?

Mai saye ya taya, in ce albarka,
Ya ƙara, in ce na sallama maka,
Ba sanda, ba mai tilasta ka,
Wannan yardar ita addininka
Ya sa sharaɗi ga saye da sayarwa.

Inna Mai Ƙosai

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ni ban yi nisa a karatu ba, amma na daɗe ina suyar ƙosai a ƙofar gida, da kaskon nan nake riƙe marayu huɗu. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa.

Alhaji, na ji batun albarka,
Kai kana da zaɓi a hannunka,
Ka ƙi sayarwa, ka kulle sitonka,
Ka je gida, tuwo na jiran ka,
Ni in na ƙi saye, sai yunwa.

Na je awon tiya ta wake,
Kuɗi a haɓar zanena na riƙe,
Mai awo ya ce farashi ya sake,
Rabi ya zuba mini, na miƙe,
Na dawo idona na zubar ruwa.

Yardar da ka ce ta mai ƙoshi ce,
Mai jin yunwa yardarsa dole ce,
Maganar Manzo gaskiya ce,
Amma ai shi ne kuma ya ce
Mai ɓoye abinci yana saɓawa.

Ni ma 'yancin nake nema,
In yi suyata ba tsangwama,
Ban roƙi kowa ba, ban yi zama,
Amma in wake ya hau sama,
Kasko ya huce, babu soyawa.

Direban Maraɗi

Inna, Allah ya raya marayu. Ni a-kori-kura nake ja tsakanin Maraɗi, Katsina da Kano, buhu shi ne fasinjana. Ƙwar biyar ta fi ƙarfina, zan yi biyu-biyu.

Inna da Alhaji, ku ɗan dakata,
Tsadar daga hanya take tasowa.

Ran 29 ga Mayun 2023,
Aka cire tallafi, fetur ya yi hawa.

Litar da ba ta kai naira 200 ba,
Ta haura 500 ba tsayawa.

A Yuli sojoji suka karɓi Yamai,
Aka datse iyaka, ba wucewa.

Na kwana a Ɗan Isa, mota cike,
Ga Jibiya can, ba damar ƙarasawa.

Sai Maris na 2024 aka buɗe,
Wata bakwai ke nan ba motsawa.

Ga shinge, kowane da hannu a miƙe,
Kuɗin a kan buhu yake komawa.

Malaminmu ya biya mana Kitabul Farƙi,
Shehu Ɗan Fodiyo ya jera zaluncin sarakai da yawa.

Jangali, kuɗin gari, har da tawasa,
Naman da ake ɗiba gun mahauta a kasuwa.

Shehu ya ce shari'a ba ta ɗora su ba,
Yau da rasit da ba rasit ana karɓewa.

Kafin a leƙa siton Alhaji,
A kwance igiyar da ke hana mu wucewa.

Ɗan Wusasa

Salama gare ku. Ni Bahaushe ne Kirista daga Wusasa ta Zariya, ina da rumfa a Sabon Gari. Inna, baitinki na rabin tiya ya tuna min da mahaifiyata, ita ma da suya ta biya mana kuɗin makaranta. Maganar nan tana cikin Littafinmu, Karin Magana sura 11, aya ta 1 da ta 26.

Mai ɓoye hatsi, in ji Littafi,
Bakin jama'a na bin sa da tsinuwa.

Mai fito da shi ya sayar wa mutane,
Albarka a kansa take saukowa.

Ma'aunin algus abin ƙyama ne,
Gun Ubangiji ba ya karɓuwa.

Na lura ayar ba ta ce a ƙwace ba,
Ta bar shi da zaɓi da tsoron haɗuwa.

Maƙwabcin rumfata Musulmi ne,
In ya tafi salla ni ke tsarewa.

Ran Lahadi in na tafi coci,
Cinikina a hannunsa yake taruwa.

Shi ya biya min “babu tilas a addini”,
Zuciya ba ta imani da dannewa.

Ban hana shi salla ba, bai hana ni coci ba,
Kuma ba ma ƙirga kuɗin in an dawo, don yarda ta riga zaunawa.

Malam Na Zaure

Masha Allah. Ɗan Wusasa, baitinka na ƙarshe ya yi tsawo, amma ma'anarsa ta biya masa kuɗin wuri. Hadisin yanka farashi da Alhaji ya kawo yana wajen Abu Dawuda da Tirmizi, na Inna kuma yana cikin Sahihu Muslim. Baki ɗaya ne ya faɗe su, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, don haka ba za su yi karo ba.

Manomin da ya cika rumbunsa,
Da guminsa, daga gonarsa,
Da falke mai kawowa daga nesa,
Kowa na da iko da kayansa,
Ba su ake nufi ba da ɓoyewa.

Mai ɓoyo shi ne wanda ya share
Kasuwar gari, ya saye, ya tare,
Ya ga mutane da yunwa a takure,
Ya sa kwaɗo a sito ya ɗaure,
Yana jiran kuka ya ƙara yawa.

Manzo ya ga tsibin abinci, ya taɓa shi,
Ya cusa hannu, a ƙasa ya ji danshi,
Ya ce a ɗora jiƙaƙƙen a gan shi,
Mai algus ba ya cikinmu, in ji shi,
Ya sa ido, bai yanka farashin kowa.

A nan hukuma take da hannu,
Ta bincika tukuna a sannu,
Kar ta haɗa kura da shanu,
Sai laifi ya fito ya ganu,
Ta sa shi sayarwa, ba ƙwacewa.

Dami goma na noman damina,
Ɗaya ba naka ba ne, ɗan uwana,
Falke, ɗaya a arba'in ka auna,
Da ana fitarwa don Rabbana,
Da kaskon Inna ba ya hucewa.

Akwai wani labari da ya ƙi shiga baiti. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, Sayyidina Umar ya tarar da Haɗibu ɗan Abu Balta'a yana sayar da zabibi a kasuwa, ya ce masa ko dai ya ɗaga farashi ko ya bar musu kasuwarsu. Imamu Shafi'i ya kawo ƙarashensa: Umar ya koma gida ya yi wa kansa hisabi, sai ya taka har gidan Haɗibu ya ce masa abin da ya faɗa ba hukunci ba ne, alheri ya nufi mutanen gari da shi, ya sayar inda ya so yadda ya so. Duk sanda na karanta wannan jikina yakan yi sanyi. Halifa guda ya tafi da ƙafarsa gidan mai tireda don ya janye magana.

Falken Dawanau

Allah gafarta Malam, na ji. Direba, ka faɗi abin da muke faɗa kullum ba a saurare mu. Inna, ke kuma baitinki ya hana ni barci jiya.

Yusufu ya tara shekara bakwai,
A zangarniya, hatsi na nan akwai,
Ajiya ba laifi ba ce, sai dai
Shi don jama'a ya tara kawai,
Ya buɗe rumbu ranar yunwa.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, Inna,
Akwai buhunan wake a sitona,
Sau uku na ƙi tayi a bana,
Riba ta fito, kwaɗayi ne a raina,
Ina jiran bazara su ƙara hawa.

Amma yankan farashi ban yarda ba,
Wanda bai san kuɗin dako ba,
Bai kwana a shinge da mota ba,
In ya yanka, kaya ba za su fito ba,
Ta bayan fage za su dinga wucewa.

Gobe in an sallame Asuba,
Zan kira 'yan dako mu duba,
Mu ware wanda ƙwaro bai taɓa ba,
In fitar da zakkar da ban fitar ba,
Sauran in jera shi don sayarwa.

Inna Mai Ƙosai

Alhaji, Allah ya sa albarka a dukiyarka, ya ba ka ikon cika abin da ka faɗa. Ba kowane namiji ke faɗin laifinsa a gaban mutane ba. Amma da sauran magana a bakina.

Kai Allah ya taɓa zuciyarka,
Saura fa masu sito irin naka,
Da ba sa jin wa'azi ko waƙa?
Malam, wannan na ajiye gabanka,
Direba ma na jiran amsawa.

Zakkar kuma a kai wa wadda ta fi ni,
A layinmu akwai tsohuwa ba ta gani,
Jikoki uku, ba mai kawo kwano ko ƙanƙani,
Ni Allah ya bar min hannu ya rufe ni,
Ciniki nake so, ba bayarwa.

Tiya biyar nake buƙata, fari mai saurin wankuwa, a cika ta kar a shafe. Babban yarona zai zo da kuɗin bayan ya taso daga makarantar allo. Alhaji, nawa za ka sallama?