Tallace-tallace sun addabe ni a laftof, ko leƙen asirina ake yi?

Mai_Nema: Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka. Tunda na sauke wata manhajar rage nauyin bidiyo ta kyauta laftof ɗina ya birkice, da na buɗe Chrome sai talla ta ko'ina, shafin farko ma ya canza da kansa zuwa wani wajen bincike da ban sani ba, ga nauyi, fanka sai ihu take. Abin da ya fi damuna a kansa nake shiga imel da banki. Bairos ne ko mene ne?

Injiniya_K: Wa'alaikumussalam. Malam wannan manhajar cusa talla ce, a manne take zuwa da kayan kyauta, lokacin da mutum ke ta danna gaba gaba bai karanta ba a nan yake amincewa da ita. Shiga Control Panel wajen cire manhajoji, ka jera su bisa kwanan wata, duk abin da ya shigo rana ɗaya da waccan kuma ba ka san shi ba ka cire. Sai ka duba ƙananan abubuwan da ake liƙa wa Chrome, yawanci can take laɓewa, ka goge waɗanda ba ka sani ba ka mayar da saitin burauza yadda ya zo. Ka ƙarasa da AdwCleaner na kamfanin Malwarebytes, manhajar share masu cusa talla, kyauta ne, amma daga shafinsu na asali fa.

Ummu_Tech: Ni dai ɗan'uwa mai tallar ba ita ce abin tsoro ba, tunda tana nuna kanta. Ta leƙen asiri shiru take yi, wata duk harafin da ka buga a kibod tana naɗewa ta tura wa mai ita har fasawod, kai kuwa ba ka ga komai ba, kuma sau da yawa hanya ɗaya suke shigowa. Kada ka sake shiga banki a kansa sai ka yi cikakken sikanin da Microsoft Defender, manhajar tsaro da ke zuwa da Windows. Fasawod kuma a waya za ka canza su ba a laftof ɗin ba, fara da na imel, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan fasawod sai an ƙara wata shaida kamar lambar da za ta zo wayarka.

Sarkin_Waya: Gaskiya ne Hajiya. Ba ma kayan kyauta kaɗai ba wallahi, a 2015 aka gano Lenovo ta sayar da wasu laftof da wata manhaja mai suna Superfish a ciki tun daga kamfani, tana cusa talla har ta raunana tsaron shafukan da ake ganin amintattu ne. Kuma in akwati ya faɗo yana cewa kwamfutarka ta kamu danna nan a gyara, kar ka taɓa, shi kansa tarko ne.

Mai_Nema: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na cire, tallar ta tsaya, yanzu sikanin ɗin ke tafiya.