Musayar Waƙa: Tufafin Turai a Ƙarni na 18

Mai Ƙoshiya:
Salamu alaikum. Na ga hoton wata rigar fadar Faransa ta zamanin Sarki Luwi na 15, ta tsaya mini a rai. Ga nawa, a ɗora. Babban amsa-amo "wa" ne.

Na ga rigar matan fadar Faransa,
Alharinin birnin Liyon, furanni a bisa,
Kwando biyu a ƙugu, an lulluɓe har ƙasa,
Ƙofa sai a kaikaice ake wucewa.

Maza sun sha kwat mai jeren maɓalli,
Zaren azurfa da zinari na ƙyalli,
Wando iya gwiwa, farar safa, zo ka kalli,
Gashin aro a ka, hoda tana zubowa.

Hajiya Mai Zare:
Malam, ka ga ado, ba ka ji nishi ba,
Ƙashin babban kifin teku ne a ciki, ba ka sani ba?
An tamke ƙirji da igiya, ba a sassauta ba,
Yarinya tun tana ƙarama take sabawa.

Hodar nan sitaci ce, asalinta alkama,
Talaka na neman burodi yana fama,
A 1795 harajin Ingila ya kama,
Fam da sule a shekara, yayin ya fara mutuwa.

Ɗan Kanti:
Hajiya, a bar alharini, a zo kan auduga,
Yadin Indiya mai fure kasuwa ya shiga,
A wanke shi bai zuba, darajarsa ta ɗaga,
Masaƙan ulu da siliki suka yi ta kokawa.

A 1686 Faransa ta ce haramun ne,
A 1721 Ingila ta ce laifi ne,
Mata suka ce ai abin sonmu ne,
Ta bayan fage 'yan fasa-ƙwauri na kawowa.

Sai 1759 Faransa ta janye doka,
Shekara na zagayowa mai masana'anta Oberkampf ya ɗauka,
A garin Juwi ya buga yadi, ya ɗaukaka,
Har yau da sunan garin ake kirawa.

Marini:
Ƙanena, ka tsaya a kanti, ni zan je gona,
Shuɗin yadin nan baba ne, sana'ar kakana,
A ƙasar da ake ce wa Haiti yau, cikin rana,
Bayi ke nomansa, bulala ba ta tsayawa.

Yadin Indiyan nan jirgi ke kai shi gaɓar Gini,
A sauke turame, a ɗauki mutum mai rai da jini,
A kai shi ƙetare noman auduga da baban rini,
Injinan zare na Bature Arkwright a Ingila suna ta kaɗawa.

Hajiya Mai Zare:
Baba Marini, ka sa ni hawaye. Ɗaya kawai zan ƙara.

A 1783 aka zana Sarauniyar Faransa Mari Antuwanet,
Farar rigar auduga, ba kwando, ba siket,
Faris ta ɗauka: rigar ciki ce wannan, wallahi,
Aka sauke hoton don surutun da ke tasowa.

Amsa-amon ciki ya kuɓuce mini a layi na uku, a yi haƙuri, sunan nata ne da wuya.

Mai Ƙoshiya:
Hajiya, an karɓa haka nan.

Baba, na koma kan hoton na sake dubawa,
Furen yana nan, ƙyallin bai daina burgewa,
Amma shuɗin gefen hannun nake ta kallowa,
Ina tunanin mai kaɗa baba a rana ba hutawa.