Tsohon allo mai rubutun University of Sokoto, wace jami'a ta wannan?

Ɗan Runjin Sambo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya ina gyaran garken awakin Inna sai nig ga ashe ƙyauren da muka rufe su da shi tun ina ƙarami allon ƙarfe na, da nij juya bayanshi niw wanke da omo sai ga rubutu ya hito, University of Sokoto, fenti ya ɓaɓɓake tsatsa ta cinye rabin kibiyar da ke ƙasa. Inna ta ce marigayi Baba yas sawo shi wajen 'yan gwangwan. To wai wagga ita ta Danfodiyo ko ko jami'ar jiha ta? Kuma in sai da shi kilo ko in aje?

Baba Tsohon Ɗalibi:
Wa alaikumus salam ɗana. Ita ta dai, Danfodiyo. Da wanga suna anka kahwa ta 1975 tare da su Jos da Maiduguri da Kalaba, ɗalibban farko sunka shiga 1977, Farfesa Shehu Galadanci ash shugabanta na farko, bayan shi Farfesa Mahdi Adamu. Sai 1988 zamanin Babangida anka mai da ita Usmanu Danfodiyo, ba ni mance shekarar don cikinta Sarkin Musulmi Abubakar na uku yar rasu, Allah shi jiƙan shi. Mu Unisok muka ce mata, har yau in na haɗu da abokan karatuna haka bakinmu ka hwaɗi, kuma takardar digirina tsohon sunan ag gare ta, jikata ta gani ta ce wai Kaka ko ta bogi ta! Jami'ar jiha kau ta jiya-jiya ta, 2009. Kak ka sai da allon ga don Allah, nawa za su ba ka? Kuɗin katin waya.

'Yar Mabera:
Baba Allah shi ƙara lahiya. Ni abin da ke ban dariya rubutun sunan, wani shi sa Usman Danfodio wani Usmanu Danfodiyo wani har Uthman bin Fodio, ka duba jikin bas-bas da shagunan fotokwafi kowa da nashi. Na jami'a dai Usmanu Danfodiyo na, da u da y. Malaminmu ya ce Fodiyo Fulatanci na, ma'ana malami, laƙabin mahaifin Shehu na Muhammadu Fodiyo. Amma fa in ka je tashar Dandima inda aka shiga motar jami'a ba direban da zai kira maka duk wannan, famsait famsait (wato matsugunnin dindindin na jami'a) kawai kaka ji, saura mutum ɗaya.

Abu Arkilla:
Ai mu namu ya zauna lahiya don wa zai yi gardama da sunan Shehu a garin da Hubbare yake. Jami'ar Ife ma 1987 anka sa mata Obafemi Awolowo ya bi ta. Amma ku tuna 2012 da Jonathan yas sa ma jami'ar Legas sunan Abiola, ɗalibbai sunka hito sunka tare hanya, har yau Unilag take. Yanzu ga Abuja an ce Yakubu Gowon, Maiduguri an ce Muhammadu Buhari, bari mu gani ko bakin mutane zai ɗauka. Nan gida ma kwalejin folitaknik da anka sa ma sunan Umaru Ali Shinkafi, mutum nawa ka ce mata Shinkafi? Kowa foli foli.

Baba Tsohon Ɗalibi:
Ɗana kak ka goge shi da sanfefa, rubutun ka tahiya. Shafa mishi ɗan baƙin mai ka jingine inda ruwa ba su taɓa shi, ka ɗauko muna hoto in gani ko na tsohon matsugunni na na cikin gari.

Ɗan Runjin Sambo:
Na gode Baba, hoto na nan tahe bayan la'asar. Matsalar dai Inna ta ce ba mai ɗaukar mata ƙyaure sai na kawo wani, awaki sun riga sun hita sau biyu sun ci mata dussa.