In an zare maka kuɗi a asusu ba da saninka ba

A wata tattaunawa kan abin da ya kamata mutum ya yi in an sace masa kuɗi a asusun banki, an ja zancen da tsawo, amma abu ɗaya kowa ya yarda da shi: kada ka jira gari ya waye. Da ka ga an cire kuɗin da ba kai ka kashe ba, ka toshe katin nan take, ta manhajar banki ko ta lambar wayar da ke bayan katin. Ba wadda aka turo maka a saƙo ba, don sau da yawa ta ɓarayin ce.

Wata da abin ya taɓa faɗa wa ta ce ɗan ƙaramin kuɗi aka fara ɗauka, sai ta raina shi. Ashe gwaji ne, bayan kwana biyu aka yashe asusun. Wannan ya fi tsaya min a rai.

Bayan toshe katin, sai a kai wa banki ƙorafi a rubuce, a karɓi lambar shaidarsa, a ajiye hotunan saƙonnin, a canza kalmar sirri har ta imel.

Lambobi 3 na bayan kati, PIN da OTP (lambar sirri da ake turo maka don amfani sau ɗaya) kuwa, ko ma'aikacin banki ba shi da hurumin tambayarsu. In layinka ya ɗauke haka kawai, ka garzaya kamfanin waya, ƙila wani ya mayar da lambarka kan nasa SIM.