Hajiya ta gaji da zaman ɗaki a Dablin: ina kuka kai naku iyayen shan iska?

Mai Jego, Dablin

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifiyata ta zo daga Katsina zaman jegona, bizar kwana 90 aka ba ta, yanzu saura mata sati biyar. Ranar Lahadi muka yi arba'in. Tun da ta sauka ba abin da ta gani na Ailan sai filin jirgi da asibiti da babban kanti. Jiya na tarar da ita tsaye a bakin taga tana kallon rufin gidajen maƙwabta, ta juyo ta ce, "Ke, wai ƙasar nan ba su da daji ne?" Maganar ta tsaya mini a rai. Matar da kullum safiya sai ta leƙa awakinta ta zaga garkarta, ga ta a hawa na uku. Ina so mu fitar da ita bayan gari kafin ta koma, sai dai gwiwa na damunta, ga kuma jariri a keke. Waɗanda suka taɓa fita da dattijo, don Allah ku ba mu labari, daɗin da wuyar duka.

Baban 'Yan Biyu, Bray

Wa alaikumus salam. Barka da arziƙi, Allah ya raya. Ƙanwata, Glendalough za ku je, cikin duwatsun Wicklow, kusan awa ɗaya ne a mota daga Dablin. Ma'anar sunan a harshensu kwari mai tafki biyu. Can na kai Babanmu bara. Akwai kufan wani tsohon mazaunin masu ibada na Kirista da wani waliyyinsu Kevin ya kafa a ƙarni na 6, da hasumiyar dutse mai tsawon kusan mita 30, ƙofarta can sama ba a ƙasa ba. Baba magini ne tun yana saurayi. Ya daɗe yana shafa bangon da tafin hannu, yana bin yadda aka jera duwatsun, bai ce da kowa uffan ba. Da muka koma mota sai ya ce, "Wanda ya yi aikin nan ba ya gaggawa."

Daga kufan zuwa tafkin sama hanyar ba hawa sosai, keken jariri na bi. In gwiwar ta ƙi, ku shiga mota ku zaga, akwai wurin ajiye mota na kuɗi dab da tafkin. Shiga dajin kansa kyauta ne. Abin da zan hana ku shi ne hanyar da ke hawa saman dutse, ɗaruruwan matakala ne, ta matasa ce. Ku kuma yi sammako, Asabar da Lahadi kafin azahar wurin ya cika.

Anti Nas, Tralee

Ni magana ɗaya ta kawo ni: kaska. Mu da muka taso a gida, in muka ga doguwar ciyawa maciji ne ke fara zuwa mana a rai. Ailan babu maciji a dajinta sam, wannan kam ku kwantar wa Hajiya da hankali. Amma inda duk barewa da tumaki ke kiwo akwai kaska, wata ba ta kai ƙwayar riɗi ba, kuma tana iya sa wa mutum cutar Lyme.

Mun je gandun Killarney da yarana a watan Yuni, suka yi ta birgima a ciyawa kusa da gidan tarihi na Muckross. Da dare ina yi wa ƙaramar wanka na ga wani baƙin ɗigo a bayan gwiwarta, na ɗauka datti ne, na goga ya ƙi fita. Da hantsaki mai siririn baki na kama ta dab da fata na ja a hankali, ban murɗa ba. Kada a shafa mata mai, kada a kusantar da ashana kamar yadda ake yi wa ta dabbobi. Bayan nan sai a sa ido a wurin na 'yan makonni, in jan zobe ya fito yana faɗi ko zazzaɓi ya zo, a tafi wurin likita. Mu Allah ya tsare. Yanzu dogon wando muke sawa, a cusa ƙafarsa cikin safa.

Ban faɗi haka don in hana ku ba. Killarney shi ne gandun ƙasa na farko a Ailan, tun 1932, kuma ga mai ciwon gwiwa akwai keken doki da ke zagawa da mutane bakin tafki. Surukata har yau labarin keken nan take bayarwa a Gombe. Sai dai daga Dablin tafiya ce mai nisa, sai da kwana.

Ɗan Damagaram, Galway

Anti ta faɗi kaska, ni zan faɗi sama. Shekarata ta farko a jami'a muka je gandun Connemara mu huɗu, za mu hau dutsen Diamond Hill, mita 442 ne kawai. Mun bar gari rana tar, ni da kambas da 'yar riga. Muna dab da ƙololuwa hazo ya rufe mu, iska ta taso daga teku tana watso ruwa ta gefe, lemar abokina ta juye nan take. Yatsuna suka ƙage har na kasa buɗe waya. Wata tsohuwa 'yar ƙasar da ke saukowa ta ba mu shayi daga fulas ɗinta, ta ce mu bi bayanta kada mu kauce daga hanyar, don ƙasar gefen laka ce mai nutsewa. A gida gajimare na yi maka sallama kafin ya zubo, ka ga hadari ya haɗo daga gabas, ka ji ƙamshin ƙasa. A nan babu wannan. Ku duba hasashen Met Éireann, hukumar yanayi ta Ailan, da safen, kuma ko ya ce rana ku ɗauki rigar ruwa. In wani abu ya faru a kan dutse, 112 ko 999 ake kira.

Hajiya Babba, Limerick

'Yata, ki tafi da ruwan ɗumi a fulas daban don alwala, ruwan famfon wuraren nan ko a Yuni yana sa haƙori kaɗawa. Ki shimfiɗa leda ƙarƙashin darduma, ciyawarsu ba ta bushewa. Na yi salla a gefen tafki ba sau ɗaya ba, ba wanda ya taɓa ce mini kanzil, sai dai su gaishe ki su wuce. Yanzu magariba sai wajen ƙarfe 10, kuna da yini. Abinci ki dafa daga gida, ba a hura wuta a gandun. Ki nannaɗe mini jikan nan da kyau.

Malamin Lissafi, Ennis

Tunda Hajiya mai dabbobi ce, bari in ba da nawa. Na kai kawuna Burren, nan gundumar Clare. Makiyayi ne, ya yi shekaru yana bin shanu tsakanin Jigawa da Yobe. Wurin falalen dutse ne fari-fari iya ganinka, duk ya tsattsage, furanni na fitowa daga cikin tsagar. A watan Mayu akwai wani ƙarami shuɗi shar da mutane ke zuwa daga nesa don shi. Kawu bai kula furen ba. Da ya hango shanu sai ya ce lallai in tambayi mai su me suke ci a kan dutse. Manomin ya bayyana mana cewa su da hunturu suke kora shanu sama, saɓanin sauran wurare, saboda dutsen na riƙe ɗumi, ruwa ba ya kwanciya a kansa, ga ciyawar da ta yi ta girma duk bazara ba a taɓa ba. Shanun su cinye ta, furanni su samu sarari. Na fi minti 40 ina tafinta a jingine da katangar dutse. Kawu ya tambayi nawa ake sayar da maraƙi, shi kuma ya tambayi kwana nawa ake yi kafin a kai ga ruwa da rani.

Abin lura: yawancin filayen nan gonakin mutane ne, ba dajin Allah ba. Ku tsaya kan hanyar da aka yi wa alama, ƙyauren da kuka buɗe ku rufe.

Amaryar Naas

Ni ban goyi bayan Glendalough ga mai gwiwa ba, Yaya. Lambun Powerscourt ya fi kusa, akwai kujeru da banɗaki da wurin shan shayi, furanni kamar an zana. Ana biyan kuɗin shiga, kuma magangarar ruwansu mai mita 121 tikitinta daban, sai an sake shiga mota. Mamata ta ji daɗinsa, abin da kawai ya ɗaure mata kai maƙabartar karnuka da dawakai da ke ciki, har da duwatsu masu suna.

Mai Jego, Dablin

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya Talata maigida ya ɗauki hutu muka je Glendalough, Powerscourt sai mako mai zuwa in sha Allah. Hanyar kan dutse siririya ce, Hajiya ta riƙe ƙofa tana salati, amma da ta ga tumaki da shuɗin fenti a gadon baya ta manta da tsoron, ta ce ashe su ma suna yi wa nasu shaida. A bakin tafkin sama ta cire takalmi ta taka ciyawa, na tuna maganar Anti Nas na so in hana ta, na kasa. Na duba ƙafafunta da dare, lafiya lau.

Muna zaune sai ga tsattsewa suna shawagi dab da ruwa. Maigida ya ce mata waɗannan in Satumba ta yi za su tashi, su ƙetare Sahara, su ratsa ta yankinmu su nufi kudancin Afirka. Ta bi su da ido har suka ɓace bayan itatuwa, ta ce to ita za ta riga su isa. Ta yi la'asar a nan kan ledar Hajiya Babba, aka fara yayyafi tana raka'a ta uku, ba ta yi sauri ba.

Malam, ta ce a tambaye ka: shanun nan na kan dutse, da hunturun ina suke shan ruwa?