Hargitsi, guguwa ko hautsini?

Jama'a, ina neman kalmar da za ta tsaya a madadin turbulence, kalmar Turanci ta motsin ruwa ko iska mai juye-juye, domin ɗalibaina na darasin yamma a Aboabo, nan Kumasi, sun tambaye ni ma'anarta na rasa ta cewa. Muna magana ne a kan gungun Perseus, tarin galaksi, wato manyan rukunan taurari, da ke nisan shekarun haske kusan miliyan 240, wanda tsakiyarsa ke cike da iska mai zafin digiri miliyoyi goma-goma. Na guji cewa gas, don a nan da an ambace shi sai hankali ya koma kan tukunyar girki.

Wani dattijo daga Nima ta Accra ya ba ni kalmar hargitsi. Allah ya ƙara girma, Baba, amma ban gamsu ba, kuma ga dalilina. A 2016 tauraron ɗan Adam na Japan mai suna Hitomi, kafin ya lalace makonni kaɗan bayan harba shi, ya auna hasken da ƙarfen da ke cikin iskar yake fitarwa, ya gano tana motsi da gudun kilomita 164 a daƙiƙa, alhali sauti a cikinta yana yin kusan kilomita 1,000. Ƙarfin matsin da motsin ke haifarwa bai wuce kashi 4 cikin 100 na wanda zafi ke haifarwa ba, duk da cewa baƙin ramin (wurin da ko haske ba ya kuɓuce wa jansa) da ke tsakiyar NGC 1275, babban galaksin tsakiyar gungun, yana ta hura manyan kumfa a cikinta. Wanda ya ji hargitsi zai zaci faɗa ya kaure, abin kuwa a natse yake. Guguwa ma ba ta yi ba, tunda ita juyi ɗaya ce mai tsayuwa da ƙafarta.

Ni hautsini na zaɓa. Ku tsaya gaban mai koko da asuba sa'ad da ta sheƙa tafasasshen ruwa a kan gasara ta sa ludayi: babban juyi yakan rabu gida biyu, kowanne ya sake rabuwa, har su ƙanƙance su ɓace, kokon ya haɗe. Haka abin yake a can, sai dai ƙananan juye-juyen sukan ƙare da zama zafi, kuma wannan zafin na cikin abin da masana ke tuhuma da hana tsakiyar gungun hucewa.

Saura guda. XRISM, magajin Hitomi da aka harba a 2023, ya ga iskar gungun Centaurus tana tafiya gaba ɗayanta gefe zuwa gefe, kamar ruwan baho a kan yarinyar da ta ɗebo daga famfo. Wannan ba hautsini ba ne, don ba ya gauraya komai da kansa. Na rubuta masa rangaji a allo, amma malaman Hausa, in kuna ganin kaɗawa ta fi dacewa, ku faɗa kafin darasin Asabar.