Wane suna za mu ba "metadata" da Hausa?

A wani taron ma'aikatan laburare da na halarta, inda aka koyar da manhajojin da ke ɗora kundin littattafai a intanet, babu kalmar da aka nanata kamar "metadata", kuma duk wanda ya so yi wa na kusa da shi bayani da Hausa sai ya faɗe ta yadda take ya wuce. Ina ganin lokaci ya yi da za mu raɗa mata suna, tunda a kanta aikin ya ginu.

Abin da kalmar ke nufi shi ne bayanan da ake rubutawa a kan littafi ko takarda ko hoto domin a gane shi, wato sunansa, da marubucinsa, da shekarar bugu, da harshensa, da fanninsa. Aikin tsoho ne, domin shi ne ake bugawa a ƙananan katunan da ke jere cikin durowar katako a tsofaffin ɗakunan karatu. A shekarun 1960 Henriette Avram ta Laburaren Majalisar Amurka ta jagoranci ƙirƙiro tsarin MARC domin kwamfuta ta iya karanta waɗannan bayanai, kuma da shi Koha, manhajar kula da kundin laburare, ke aiki har yau: gurbi na 100 na sunan marubuci ne, na 245 na sunan littafi, a gurbin harshe kuwa "hau" ake sa wa Hausa. Manhajar DSpace, wadda jami'o'i ke adana kundayen digiri a cikinta, ta dogara ne da tsarin Dublin Core mai gurabe 15, wanda aka faro a 1995 a garin Dublin na jihar Ohio.

Muhimmancin abin ya fi fitowa a rubuce-rubucenmu na ajami. Idan aka ɗauki hoton wata waƙar wa'azi shafi-shafi aka ɗora a intanet, injin bincike tawada kawai yake gani. Sai an zauna an cike sunan mawallafi, da na wanda ya kwafa, da garin da aka samo ta, sannan mai nema zai iya kaiwa gare ta.

Shawarar farko da aka kawo ita ce "bayanan bayanai", wadda ke bin ma'anar Turancin sau da ƙafa. Ban gamsu da ita ba, saboda kunnen Bahaushe zai ji ta kamar "sarkin sarakuna", ya ɗauka ana nufin bayanin da ya fi kowane bayani. Wani dattijo da ya daɗe yana aikin tsara littattafai ya ce a ɗauki "fihirisa", kalma mai asali da almajirai suka sani, sai dai fihirisa jerin ne gaba ɗaya, don haka gara a bar ta ga kundin laburaren kansa. "Kwatance" kuma ya fi dacewa da lambar da ake manna wa a ƙashin bayan littafi, wadda ke nuna kantar da yake.

Akwai masu cewa a ari kalmar kawai, kamar yadda aka ari kwamfuta da intanet. Hujjarsu tana da ƙarfi, amma kwamfuta abu ce da ake nunawa da yatsa, wannan kuwa sai an fahimtar da sabon ma'aikaci kafin ya iya cike gurbi ko ɗaya, kuma sunan da ke ɗauke da ma'anarsa zai rage wa mai koyarwa wahala.

Abin da nake ba da shawara shi ne "bayanan shaida". Kowa ya san katin shaida, ya san yana ɗauke da suna da ranar haihuwa da lamba, ya kuma san katin daban, mai katin daban. Na ji sukar cewa za a iya ɗaukarta a matsayin jawabin mai ba da shaida a kotu, kuma sukar tana kan hanya, amma tana gushewa da zarar an jingina kalmar ga abin da ake magana a kai. A gwada a ji: "Ba a cike bayanan shaidar wannan kundin ba, shi ya sa ba ya fitowa a bincike." Haka nan "bayanan shaidar hoto" na nufin ranar da aka ɗauka da wurin da aka ɗauka, "bayanan shaidar kira" kuma lambar da aka kira da tsawon lokacin da aka yi ana magana.

Ina roƙon abokan aikinmu na Maraɗi da Damagaram, waɗanda suka koyi abin da Faransanci, su faɗa mana ko wannan suna ya zauna a bakinsu, domin bai kamata mu tsayar da kalmar da za ta yi aiki a Kano kaɗai ba.